Masu Raka Baba Gida

Da sunan Allah nake farawa. Ni ba mai yawan magana ba ce, a aji ma sai malam ya kira sunana ya sake kira kafin in ɗaga kai. Amma abin da ya sami mahaifina a garinmu Wudil ya fi ƙarfin in yi shiru, domin na san yanzu haka akwai gidajen da irinsa ke kwance a ɗaki, an saki labule, ana ce wa masu dubiya ciwon shawara ne. Mu ma haka muka ce.

Baba direban tifa ne. A shekarun nan da kuɗin mai suka shigo ƙasa, aka kama gine-gine a birnin Kano kamar za a sake garin, sai yashin koginmu ya yi daraja. Tun asuba tifofi ke layi a bakin ruwa, masu lodi suna zubawa da shebur, Baba ya kai sawu ya dawo ya sake ɗaukar wani. Kuɗi suka zauna masa. Ya yi wa ɗakin Inna rufin kwano, ya sayo rediyo mai jakar fata, ya sayo mini takalmin makaranta mai igiya. Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Inna kuwa, da yake ni ce 'yar farinta, ba ta kama sunana, sai dai "ke" ko "yarinyar nan".

Abin da na fara lura da shi kanumfari ne. A da goro Baba yake ci. Sai na riƙa tsintar kanumfari a aljihun rigarsa ranar wanki, kuma idan ya dawo bayan isha ƙamshinsa ke riga shi shigowa, da wani wari a ƙarƙashinsa kamar na tsamiyar da ta kwana a jiƙe. Sannu a hankali ya daina cin tuwon dare. Idan na kawo masa koko da safe sai ya ce, "Uwata, rage shi, rabin kofi." Na ɗauka ƙoshi ne. Ran nan na tsaya ina kallo, sai na gane cikakken kofi ne ba ya iya kaiwa baki bai zubar ba. Hannunsa rawa yake yi. Ya ga na gani, kowannenmu ya kau da kai.

Akwai wani gida mai koriyar ƙofa a bayan tasha. Kowa ya san abin da ake sayarwa a cikinsa, ba wanda yake faɗa. Direbobi ke shiga, da 'yan kwangila, da wasu ma'aikata da aka yi wa ƙarin albashi. A gidanmu ba a taɓa furta sunan abin ba sai ranar da likita ya furta shi.

Da rani ya kama, Baba ya jefa tifar a rami da rana tsaka, kan hanyar da ya sani kamar tafin hannunsa. Ba wanda ya ji ciwo, amma mai motar ya karɓe makulli. Baba ya dawo gida ya kwanta. Idonsa ya yi ruwan ƙwai, ƙafafunsa suka kumbura har idan na danna da yatsa wurin yakan lotsa ya daɗe bai taso ba.

A makon farko Inna ta aika aka kira Baffa Alhaji, yayan Baba. Dillalin hatsi ne a kasuwar Juma'a, bai daɗe da dawowa daga Makka ba, an fara matsa masa wuri a sahun gaba. Ya dubi idon Baba, ya dubi ƙafar, bai yi tambaya ko ɗaya ba, domin ya sani.

Ya ce, "Shawara ce. Kowa ya tambaya, shawara. Kuma daga yau ba ya fita."

Ya sa aka mayar da Baba ɗakin da ke jikin zaure, ya sayo kwaɗo ya datse. Ban zarge shi a niyyarsa ba. A ganinsa wanda bai fita ba ba zai sha ba. Babu ɗaya daga cikinmu da ya san cewa mutumin da jikinsa ya saba da sha haka, idan aka yanke masa lokaci ɗaya a gida, yankewar kanta tana iya kashe shi. Wannan ne abu na farko da nake so mai karatu ya riƙe.

Gwaggo Ladi, ƙanwar su Baba, ta zo daga Darki da saiwar rawaya a ƙulle a gefen zane. Ta hana mai, ta hana nama, ta jiƙa saiwar ana ɗura masa yana amayarwa. Masu dubiya suka riƙa zuwa, Baffa na tare su a kan tabarma a ƙofar gida, yana karɓar gaisuwa a madadin mara lafiya.

Ana haka wata yamma sai ga wani dattijo da yara ke kira Audu Kwalba. A da tela ne, kuma har ni na tashi na tarar ana ba da labarin yadda ake tsintarsa kwance a kwata. Shekaru sun wuce ba a sake ganinsa haka ba, amma sunan ya bi shi. Yana riƙe da damin albasa mai ganye. Ina cikin zaure ina shara, ina jin su.

"Salamu alaikum, Alhaji. Na ji Isyaku ba lafiya."

"Shawara ce. Yana barci."

"Allah ya sawwaƙe. Da za ka bari in gan shi ko kaɗan ne. Yau kwana nawa rabonsa da…"

"Rabonsa da me?"

Malam Audu ya rage murya. "Alhaji, idan ya fara ganin abin da ku ba kwa gani…"

"Malam Audu, mun gode. Gidan nan ba shi da haɗi da kai. Ka ga mutane suna wucewa."

Ya ajiye albasar ya juya. Na bi shi da kallo ta jikin ƙyaure. Ƙafarsa baƙar laka ce ta fadama, ta bushe har idon sawu. Tafin hannunsa duk kanta. Kuma hannun nan, da ya sunkuya ya ajiye damin, ko kaɗan bai yi rawa ba.

Abin da ya so ya faɗa bai daɗe ba ya same mu. Washegari da azahar Baba ya fara kirana ta cikin ɗaki, muryarsa kamar ba tasa ba.

"Uwata, wa ya shigo da shanun nan? Ki gaya musu nan ba kasuwar kara ba ce. Za su taka ni."

Na leƙa ta tsagar ƙofa. Ba komai sai tabarma da buta. Gumi ya jiƙa shi sharkaf, yana kakkaɓe hannuwansa yana cewa cinnaka ne suka rufe shi. Gwaggo ta ce iskokin kogi ne, ya ɗebi yashi a inda ba a ɗiba. Aka yi turare, aka karɓo rubutu. Na gode wa malamin da ya rubuta, bai karɓi ko kwabo ba, kuma shi ne ya ce wa Baffa, "Ku haɗa da asibiti." Baffa ya ce a ga gobe.

Goben ba ta zo da sauƙi ba. Da hantsi muka ji faɗuwa. Na leƙa na ga Baba a ƙasa yana shure-shure, ya cije harshe, jini da kumfa na fita. Inna ta fito har zaure ba mayafi, abin da ban taɓa gani ba, ta ce, "Yaya Alhaji, ka buɗe, ko in fasa da taɓarya." Baffa ya buɗe. A ƙaramin asibitin garinmu ma'aikacin ya yi wa Baba allura ya ce a wuce Kano yanzu-yanzu. Baffa ne ya ɗauki shatar mota daga aljihunsa, kuma a cinyarsa kan Baba yake har muka isa. Wannan ma ba zan ɓoye ba.

Babban asibitin birni sai wanda ya gani. Layin yankar kati ya zagaya gini. Baffa ya tuɓe babbar rigarsa ya shimfiɗa a baranda muka kwantar da Baba. Mai ba da kati yana ganinmu, amma masu kwat da masu 'yar takarda daga manya su ake shigarwa ta gefe. Rana ta take, ta fara karkata. Wata nas ce, Allah ya saka mata, ta zo wucewa ta ga harshen Baba, ta daka wa mai katin tsawa, aka kawo gadon turawa. Ko sunanta ban sani ba. Na dai riƙe cewa agogonta a ƙirji yake maƙale.

Makon nan da na bayansa a gindin darbejiya muka yi su, ni da Inna da sauran masu jinya, kowa da murhunsa na duwatsu. An ɗaure hannuwan Baba da bandeji a jikin gado don kada ya fizge ƙarin ruwa. Wani maganin akwai shi a asibiti, wani sai an saya a waje. Rediyon nan ta tafi, tasoshin Inna na jere suka bi ta. Makaranta kuwa Gwaggo ta je ta ce wa hedimasta mahaifina na fama da shawara.

Likitan matashi ne siriri. Ranar da Baba ya fara gane mutane, ya kira Baffa gefe, Inna na tsaye a baya, ni ina riƙe da kwanon kunu.

"Shekara nawa yana shan giya?"

Sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Baffa ya duba hagu ya duba dama. "Likita, shawara ce."

"Na ga shawarar, Alhaji. Ina tambayar abin da ya kawo ta. An ce kulle shi kuka yi? Da kun ƙara kwana, gawa za ku buɗe wa ƙofa. Irin wannan ba a yanke masa a gida, nan ake kawo shi a yanke da magani." Ya nuna gefen cikinsa na dama. "Hanta ba ta kuka sai ta kusa gajiya. Tasa ta yi kuka."

Ranar sallama ya ƙara da wata magana. "Abin da ke hannuna na yi. Sauran ba ni da ƙwayarsa. Ku nemo masa waɗanda suka taɓa faɗawa rijiyar nan suka fito, ya riƙa zama da su kullum. A wasu garuruwa akwai masu haɗuwa haka."

Inna, wadda ba ta taɓa yi wa baƙon namiji magana a gabana ba, ta ce ta cikin mayafi, "A Wudil fa?"

"A Wudil ban sani ba."

Muka dawo gida. Baffa bai mayar da kwaɗo ba. Da safe Baba lafiya lau, yana cin ɗan abinci, yana tambayata karatu. Amma da an sallame la'asar sai ya zama wani mutum. Ya fita zaure ya dawo. Ya ɗaura agogo ya kwance. Ya zuba wa ranar da ke jikin katanga ido, tana hawa yana haɗiyar yawu. Lokacin ne yakan ajiye tifa a da, ya nufi bayan tasha. Inna na tankaɗe, amma idonta na kansa. Kowa a gidan ya san wata yamma zai fita zaure ba zai dawo ba.

To, ta yaya ake neman mutanen da likita ya faɗa? Tambayar kanta tonon asiri ce. Inna ba ta fita, sai ni. Ta aike ni wurin ma'aikacin asibitin garinmu, ya ba ni ƙwayoyin ƙarin jini ya ce bai san wani zama irin wannan ba. Ta aike ni wurin matar liman, na daɗe ina murza gefen mayafina kafin in iya tambaya. Ta yi mana addu'a mai kyau, sannan ta matso ta ce, "Wa ke sha?" Na ce wani ne. Ta dube ni, na san ta gane, na fito.

A hanya na tuna laka da kanta da hannun da ba ya rawa. Ranar Juma'a na shiga kasuwa wajen masu albasa na sami Malam Audu. Na tsaya kusa da shi har ya sayar ya ƙare, bakina ya ƙi buɗewa. Da ya naɗe buhunsa bayan la'asar sai kawai na bi bayansa daga nesa. Ya gangara ta ƙarƙashin gada, ya bi gefen kogi, ya shiga wata garka da aka kewaye da ƙaya.

Na laɓe a bayan shingen. Maza ne 'yan kaɗan a gindin jigo, wato dogon itacen nan mai guga a baki da dunƙulen laka a gindi da ake ɗebo ruwa da shi. Ɗaya na ja, sauran na buɗe wa ruwa hanya daga fangali zuwa fangali. Na gane wani mahauci. Na ga wani mai wando da taguwa irin na ofis, ya rataye takalminsa a wuya. Akwai wani ƙato mai tabo a kumatu da suke kira Saja, tsohon soja da ya dawo daga yaƙi. Suna aiki suna magana, ba mai kallon wani.

Mahaucin ya ce, "Yau na bi ta tasha da rana. Wallahi ƙafata da kanta ta karkata."

Saja ya ce, "Wacce daga ciki? Ai kai ke da wuƙa, mu rage maka ita."

Aka yi dariya. Malam Audu bai yi ba. "Ka shiga?"

"Ban shiga ba. Na dai tsaya na shaƙa."

"Me ya same ka yau?"

Mahaucin ya fara ba da labarin surukinsa da ya ƙi ba shi hannu a masallaci. Ba wanda ya katse shi, ba wanda ya yi masa wa'azi. Da ya gama, Saja ya sakar masa igiyar ya ce, "Zo ka ja, ka huce a kan guga."

Malam Audu ne ya hango mayafina. Ya zo bakin shinge ya tsuguna don kada ya fi ni tsawo.

"'Yar gidan Isyaku ce. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Da la'asar fa?"

Sai hawaye suka zubo mini. Bai ce in yi shiru ba. Ya bari na gama, sannan ya yi mini bayani kamar yana magana da babba. Ya ce su ba su da suna, ba su da magani, ba a biyan komai. Lokacin da kowannensu yake tafiya sha a da, shi suke zuwa ban ruwa. Mai abu a ƙirji ya faɗa, kuma abin da aka faɗa a garka a garka yake kwana. Idan sun yi magariba sai su raka juna gida, ɗaya bayan ɗaya.

"Rakiyar mutane a kwanar hanya take ƙarewa, a yi sallama kowa ya juya. Tamu sai ƙofa, sai mun ji an sa sakata. Ni da ake rakawa a ƙarshe, matata ce ke tsayawa a zaure, Saja ya miƙa ni hannu da hannu kamar akuyar da aka saya. Shi kuma ɗansa ke zuwa ƙofata ya tafi da shi. 'Yar makaranta, tsakanin kwana da ƙofa duk muka sha faɗuwa."

Na dawo na faɗa wa Inna. Da ta gaya wa Baba, sai ya yi dariyar da ba ta da daɗi. "Ni? Da Audu Kwalba?" Ya juya wa bango fuska. Kwanaki suka wuce. Wata la'asar ya fita zaure ya daɗe, har Inna ta ajiye rariya ta miƙe tsaye. Sai ga shi ya dawo, leɓensa ya bushe, ya ce, "Uwata, ɗauko mini takalmi. Ki nuna mini garkar."

Baffa bai hana zuwa garka ba, ya ce za a ce Isyaku ya kama noman rani. Rakiyar ce ya ƙi. Ya tare Malam Audu a bakin kasuwa, a gabana, ya ce, "Duk wanda aka ga kun raka har ƙofa, garin nan ya san ko shi wane ne. Yarinyar nan aure za ta yi wata rana. Ku tsaya a kwanar injin niƙa."

"Alhaji, daga kwanar nan hanya biyu ce. Hagu gidanku, dama tasha."

"Yaro ne shi? Ana hango ƙofarmu daga kwanar."

Malam Audu ya dubi ƙasa. "To. Da babu gara ba daɗi."

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da muka gani a shekarar. Tafin hannun Baba ya yi bororo ya fashe ya zama kanta. Ya koma cin tuwo. Wata safiya na manta na cika kofin koko, ya ɗauka ya shanye bai zubar da ko ɗigo ba, bai ma lura ba. Yakan dawo yana kwaikwayon muryar Saja har Inna ta rufe baki da mayafi. Amma ni kullum bayan magariba ina zaure ina leƙe. Su kawo shi kwana, su yi musabaha, su juya. Shi kuma sai ya tsaya. Da farko ɗan tsayi ne, kamar mai gyara hula. Daga baya tsayin ya riƙa tsawo. Na gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Baffa, Baffa ya ce iska yake sha.

Ranar Juma'a ce, gari cike da baƙin kasuwa. Sun kawo shi sun juya ke nan sai ga tsohuwar tifarsa ta shawo kwanar. Yaron motarsa na da ne a kan sitiyari, da sabuwar hula. Ya danna ham irin yadda Baba ke dannawa idan ya iso unguwa, ya leƙo yana murna ya ce, "Oga! An daina ganinka!" Motar ta wuce wajen tasha. Baba ya bi ta da kallo. Sannan ya bi ta da ƙafa.

Na kira shi, ƙarar injin niƙa ta haɗiye muryata. Na ruga masallaci na sami Baffa yana jiran isha. Ya runtse ido ya ce, "Ba wanda zai taka gidan can da sunan zuriyarmu. Zai dawo." Na juya na bi sawun 'yan garka, na same su can ƙarshen gari suna miƙa mahauci. Kafin mu iso bayan tasha an daɗe da idar da salla. A bakin koriyar ƙofar Malam Audu ya tsaya. Ya miƙa wa Saja hannu.

"Riƙe ni. Ni ma ba na shiga ni kaɗai."

Haka suka shiga riƙe da juna, ƙarti biyu masu furfura. Suka fito da Baba a tsakiyarsu, yana ta cewa, "Kofi ɗaya ne, Uwata, wallahi kofi ɗaya." Ba ɗaya ba ne.

Da safe ya nemi tasa. Abin da ya amayar jini ne, baƙi-baƙi, da gudaji. Ya sake yi. Muka koma Kano, wannan karon bai san an ɗauke shi ba. Aka ce sai an ƙara masa jini, kuma sai mun kawo masu bayarwa. Da azahar sai ga 'yan garka sun sauko daga bayan wata tifar yashi, jikinsu duk rairayi. Aka duba su ɗaya bayan ɗaya aka sallame su, wai nasu jikin ma lallaɓawa yake so. Saja ya fito yana danne auduga a hannu ya ce, "Ka ji, jinina da na zubar a daji ba wanda ya raina, yau kyauta ma an ƙi."

Baffa ne ya naɗe hannun riga. Mutum ne mai tsoron allura, na ga gumi a goshinsa, da aka gama sai da aka kwantar da shi. Jininsa ne a jikin Baba yau. Duk abin da na faɗa a kansa, wannan ma a haɗa a auna.

Likitan nan bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ranar da zai sallame mu ya ce, "Ba na son in sake ganinsa. In na sake ganinsa, shi ba zai gan ni ba."

Da muka dawo, Baba ya yi kwanaki ko tsakar gida ba ya iya ratsawa. 'Yan garka suka aiko da albasa da gaisuwa, ba su zo ba, suna girmama sharaɗin Baffa. Ranar da Baba ya ce gobe zai gwada zuwa garka ko da zama ne kawai, Baffa na zaune a zaure. Inna ta tsaya a bayan ƙyaure ta gaishe shi, ta yi masa godiyar mota da ta jini. Sannan ta ce:

"Yaya Alhaji, daga gobe har ƙofa za su kawo shi."

"Kin san abin da za a ce?"

"Na sani."

"Kin san abin da zai bi yarinyar nan?"

"Gara a nuna ƙofata da yatsa da a shimfiɗa tabarmar makoki a gabanta."

Baffa ya miƙe. Sannan ya laluba takalminsa. "In suka taka ƙofar nan, ni na daina takawa."

"Allah ya huci zuciyarka, Yaya."

Ni aka aika garka da saƙon. Washegari bayan magariba ina zaure. Suka taho a hankali saboda Baba, Malam Audu a damansa, Saja a hagu. Masu hira a ƙofar gidaje suka yi tsit. Wata mata da ta zo niƙa ta sauke ƙwaryarta don ta kalla da kyau. Da suka iso kwana, ƙafar Baba ta tsaya da kanta, ya miƙa hannu zai yi musabaha kamar yadda aka saba. Malam Audu bai karɓa ba.

"Mu je, Isyaku. Nan ba gidan kowa ba ne."

Suka kawo shi har bakin zaure. Saja ya rangaɗa sallama da muryar da har tasha an ji. Inna ta amsa daga ciki, ita ma da ƙarfi. Baba ya shigo, na tura ƙyaure na sa sakata, sannan na ji takunsu ya juya.

Har yau da nake rubuta wannan Baffa bai sake shigowa gidanmu ba, sai dai kowace Juma'a da almuru mukan tarar da kwanon gero a zaure, ba wanda ya ga mai ajiyewa. A makaranta wasu sun fara kirana da sunan da ba zan rubuta ba. Ƙafar Baba takan kumbura ta saɓe, farin idonsa bai gama dawowa ba, kuma gidan bayan tasha an ƙara masa ɗaki. Ban san abin da Allah zai yi ba.

Wanda yake da irin Baba a ɗaki, kada ya sa kwaɗo, ya kai shi asibiti ya faɗi sunan abin. In an sallame shi, ya nemi masu irin ciwonsa da suka miƙe, ko da su ne waɗanda ba a son gani a ƙofar gida. Suna nan, sai dai ba sa talla. In ya same su kuma, kada ya tsayar da su a kwana. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙarfafa masu jinya, ya tsare ƙafar masu raka su.